Kada Ki Mayar Mini da "Wataƙila" Ta Koma "Ba Komai"

Dala, cikin birnin Kano
Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Dakta Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya kai ki Ilori lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannun da za ki riƙa taɓa marasa lafiya da shi.

Ki lura da addu'ar da na yi. Cewa na yi Allah Ya kai ki. Ban yi ta da kuskure ba.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da tsakanin ɗakinsa da naki bai fi taku ashirin ba. Dalilin shi ne, akwai laifuffukana a cikin maganar nan, ni kuwa ban saba lissafa laifina ina kallon idon ɗan da na haifa ba. A takarda zan iya.

Ranar Talata kin raka ni karɓo sakamakon hoton cikina. Kika karanta a tsaye, kika ninke takardar gida huɗu, kika tura ta a jaka, kika ce, "Baba, ba komai, gajiya ce da rashin hutu." Na ce alhamdu lillahi. Ranar Laraba sai ga mahaifiyarki ta shigo mini da labarin wai za ki rubuta wa asibitin Ilori su ɗaga miki fara aikin koyon hannu, alhali Litinin mai zuwa ce ranar ƙarshe ta kama aiki, kuma ke da bakinki kika gaya mana wanda bai je ba sai a ba wani gurbinsa. Ummi, ni ɗan kasuwa ne. Ba a fasa aikin da aka yi shekara bakwai ana karatu dominsa saboda gajiyar tsoho. Don haka jiya da safe na sa mahaifiyarki ta ɗauko mini takardar daga jakarki. Kada ki ga laifinta, ni na matsa.

Na sa tabarau na karanta. Aji uku na sakandare na tsaya, manyan kalmomin likitoci ba su san ni ba, ni ma ban san su ba. Amma ƙananan nan da ke maƙale a tsakaninsu tsofaffin abokaina ne: "may", "could", "should". Abin da na tsinta shi ne an ga wani ƙullutu a hantata. Mai yiwuwa ba mai cutarwa ba ne, yana kuma iya zama akasin haka, kuma ya kamata a ɗebi ɗan nama a auna. Na bi takardar daga sama har ƙasa sau uku, ban ga inda aka rubuta "ba komai" ba.

Ban yi fushi da ke ba. Ba ni da bakin yin fushi, don halin nan a wurina kika gaje shi. Bari in ba ki labarin inda ya kai ni, ko kya sauka kafin ya kai ki.

A sakandare mun yi wani malamin Turanci ɗan ƙasar Gana, dogo siriri, kullum da hankici a wuya saboda zafin Kano. Wata rana ya zana tsani a allo. A matakin ƙasa ya rubuta "might", a samansa "may" da "could", can ƙoli kuma "must". Ya ce mana mai hankali yana duba abin da ya gani da idonsa, sannan ya zaɓi matakin da zai taka. Ya leƙa taga, ga ɗan hadari a gabas, ya ce in tashi in faɗa masa ko za a yi ruwa. Na miƙe na buɗe ƙirji na ce, "It must rain, sir." Ya cire hankicinsa ya goge fuska, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Garba, kai ne kake riƙe da makullin sama?" Aji ya kwashe da dariya. Ranar ko ɗigo ba a yi ba. Daga nan aka laƙaba mini Garba Mos, wato "must" ɗin nan, kuma har yau akwai tsofaffi biyu a Shahuci da in mun haɗu a jana'iza sai sun raɗa mini shi.

Ban ɗauki darasin ba. A tunanina na lokacin, "wataƙila" maganar ragwaye ce. Namiji in ya buɗe baki, lalle kawai yake cewa.

Mahaifina ya rasu, na bar makaranta, na shiga marina a Ƙofar Mata ƙarƙashin Malam Inuwa. Ke kin tashi kin tarar da shaguna da mota, ba ki ga hannayena lokacin da shuni ya kama su har gwiwar hannu ba. Malam Inuwa bai taɓa shiga aji ba, amma tsanin ɗan Gana yana cikin bakinsa. In an haɗa sabon rami, an zuba shuni da toka an bar shi yana nuna, kullum sai an tambaye shi, "Malam, ya ramin?" Amsarsa ba ta wuce huɗu. "Da saura." Ko, "Da alama." Ko, "Ina kyautata zato." Ta ƙarshe ita ce, "Ya yi." Kuma ba ya furta ta ƙarshen sai ya tsoma farin ƙyalle sau uku: da safe, da azahar, da wata safiyar. Kowanne sai ya sha iska ya bushe, ya wanke shi, ya ɗaga shi a rana. Mu samari muna ganin tsufa ne kawai da son jan rai.

Ina da shekara ashirin sai ga wani Buzu daga Agadas, mutumin Malam Inuwa na shekara da shekaru, ya zo da fararen rawuna a rina masa. Malam ya tafi ta'aziyya Gezawa. Buzun yana sauri, ayarinsu zai tashi. Ya nuna sabon ramin da sandarsa ya ce, "Yaro, wannan ya nuna?" Ƙyalle ɗaya tak na tsoma da safiyar nan, ya kuwa fito da kyau, kore shar, ya sha iska ya koma shuɗi. Gaskiyar abin da na sani ita ce "da alama". Amma mutum ya kira ni yaro a gaban jama'a. Na ce, "Ya yi. Kawo kayanka."

Rawunan sun fito gwanin sha'awa. Da aka ɗauraye su aka shanya, sai launin ya bi ruwa. Suka koma kamar tokar murhu, wani wuri duhu wani wuri fari. Buzun bai yi zagi ba. Ya duba, ya ja amawalinsa ya rufe baki, ya juya ya bar rawunan nan. Bai sake taka Ƙofar Mata da kayansa ba har Malam Inuwa ya bar duniya.

Malam bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ɗaya daga cikin rawunan ya ɗauka ya naɗa mini da hannunsa, ya ce kwana bakwai da shi zan riƙa zuwa aiki. Kullum ina shigowa marina sai a ɗauka: "Ran Sarkin Tabbas ya daɗe!" Wani ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, akuyata za ta haifi biyu ko uku?" A rana ta bakwai Malam ya warware mini shi ya ce, "Garba, ba a hana ka cewa ya yi ba. Ƙyalle nawa ka tsoma, shi za ka fara tambayar kanka."

To ga shi na miƙa miki. Kafin ki gaya wa mutum abin da ke damunsa, ki tambayi kanki ƙyalle nawa kika tsoma. Awo ɗaya ƙyalle ɗaya ne. Za a kira ki yarinya, za a ce ƙaramar likita, wani ma zai ce a kira masa namiji. Kada zafin wannan ya tura ki matakin da ba ki kai ba. Ni da bakina na kori mutumin shekara da shekaru don kada a ce mini yaro.

Wannan asarar rawani ce. Ta gaba ita ce wadda ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba, har mahaifiyarki.

Kin san sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban taɓa kiran ki da shi ba. Kin kuma san ta rasu da ƙafa ɗaya, amma ba ki san yadda aka yi ba. Lokacin na riga na bar bakin rami, ina da shagona, ina kai kaya Nijar, an fara ce mini Alhaji. Inna ta yi tuntuɓe ta ji ciwo a ɗan yatsan ƙafa, wata biyu ya ƙi warkewa. Na kai ta asibiti. Likitan ba ya jin Hausa, ni kuwa duk zuriyarmu ni ne mai Turanci, don haka ni ne tafinta. Ya duba ƙafar, ya tambayi ko tana yawan jin ƙishirwa, sannan ya dube ni ya ce, "It might be sugar." Ya ce a dawo da ita bayan mako guda, kada ta ci komai da safe, a ɗebi jininta.

Inna ta ja hannun rigata ta ce, "Me ya ce?"

Na tuna tsanin nan. Na ce a raina, ai "might" ita ce ta can ƙasa, abin da ke ƙasan tsani kuwa tsallake shi ake yi. Ga Inna da tsoron allura kamar me, ga tafiyar Agadas a gabana. Na ce, "Ya ce ba komai, Inna. Gyambo ne, a riƙa wankewa."

Ba zan manta yadda fuskarta ta saki ba. A hanya ta sa na tsaya na saya mata alkaki. Na ji daɗin kaina, na ga na yi wa uwata gata. Ta ci gaba da shan furarta da sukari, ana wanke ƙafa da ruwan ɗumi. Bayan wata huɗu aka cire yatsan. Kafin shekara ta zagayo aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Shekara uku ta yi a kan tabarma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da ita tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Garba, ranar nan, da gaske mutumin nan cewa ya yi ba komai?" Na faɗa mata gaskiya. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Allah Ya riga Ya rubuta. Amma da ka faɗa mini. Ƙafar ai tawa ce."

Ummi, na sha zagi a kasuwa, na kwana a hannun jami'an kan iyaka, an taɓa juya mini baya a gaban manyan mutane. Babu wanda ya zauna mini a ƙirji kamar wannan magana. Abin da na gane a makare shi ne, matakin ƙasa ma mataki ne. Likitan nan bai ce lalle ba, bai kuma ce babu ba. Ya ba ni daidai abin da ya sani, ni na rage mudu a hanya. Kuma ba don Inna na rage ba, ko da yake haka na gaya wa kaina. Don kaina na yi, don kada in ga tsoro a idonta.

Za ki tsaya a gaban mutane da yawa waɗanda ba su iya karanta takardarsu ba, ke ce idonsu, ke ce kunnensu. In takarda ta ce wataƙila, ki ce musu wataƙila. Ki tausasa murya yadda kike so, ki kama hannu, ki yi addu'a tare da su. Amma kada ki taɓa awon. Mutum yana da haƙƙin jin tsoron abin da ya shafi jikinsa, don tsoron ne zai dawo da shi asibiti ranar da aka ce ya dawo.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa ki zama mai ɓuya a bayan wataƙila. Nan ma na faɗa, don bayan rasuwar Inna sai na karkata ɗaya gefen, na zama ba na iya tabbatar da ko sunan ranar da ake ciki.

Kin san Larai ta gidan Baba Audu, maƙwabcinmu na baya, wadda take ɗingishi. Ba haka aka kawo ta gidan ba. Wata damina, ruwa ya yi kwana uku yana sauka, na bi ta lungunsu na ga katangar da ta jingina da madafarsu ta tsage, tafin hannuna yana shiga, gindinta kuma ruwa ya cinye. A lokacin na gina gida biyu, na san ginin ƙasa kamar yunwar cikina. Ba zato nake ba, na san katangar nan ba za ta kai Juma'a ba. Na sami Baba Audu a zaure, sa'an mahaifina ne, na durƙusa na gaishe shi. Sai kunya ta kama ni, kada a ce don na yi kuɗi na zo ina raina gidan dattijo. Na ce, "Baba, wataƙila da an ɗan duba katangar nan in an sami hali."

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji ƙarami, katangar nan ta girmi ubanka. Ita za ta raka mu, ba mu za mu raka ta ba."

Na yi dariya ni ma, na tashi. Bayan kwana biyu, Larai tana tuƙa tuwon rana, katangar ta sauko mata a ƙugu. Da muka je dubiya Baba Audu ya kalle ni ya ce, "Ashe ka gani." Na ce na gani. Ya ce, "To me ya sa ka yi mini maganar kamar mai neman aron tabarma?"

Da na ce masa, "Baba, katangar nan faɗuwa za ta yi, a kwashe mata daga madafa yau," zai ji haushi, zai ce na yi masa rashin kunya, amma da Larai tana tafiya daidai. Saboda haka in kin tsoma ƙyallenki uku kin tabbata, ki faɗa a miƙe, ko a gaban babban likitan da ya koyar da ke ne. Ki gaishe shi, ki ba shi girmansa, sannan ki ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganin zai cutar da ita." Ladabi a murya yake da zaɓen wuri. Ba a sa shi a cikin awo. Mai cewa lalle bai sani ba, da mai cewa wataƙila alhali ya sani, duk ma'auninsu ɗaya ne, na algus.

Wani abu kuma, tunda za ki zauna cikin mutanen da ba namu ba. Ki kiyaye "in sha Allahu". Mu nan mun ɓata ta, mun mayar da ita mafakar wanda ba ya son cewa a'a. Telana in ya ce "in sha Allahu ranar Asabar", na san sai dai in sa tsohuwar riga. Ba don haka aka ba mu ita ba. Ana ɗora ta ne a kan abin da mutum ya ƙudura da gaske, don ya tuna akwai Mai iko a samansa. In ba za ki yi abu ba, ki ce ba za ki yi ba. In ba ki sani ba, ki ce, "Ban sani ba, amma zan bincika." Ban taɓa ganin wanda wannan magana ta rage wa daraja ba. Ni sai da na yi furfura na iya faɗin ta, kuma tun daga lokacin ne mutane suka fara kawo mini shawara da gaske.

Yanzu mu dawo kan hantata, in gwada miki ko tsohon naki ya koyi darasinsa.

Ban san mene ne wannan ƙullutun ba. Ke ma ba ki sani ba, wanda ya ɗauki hoton ma bai sani ba, shi ya sa ya rubuta yadda ya rubuta, kuma na ga girmansa a kan haka. Ina kyautata zaton alheri, don ina cin tuwona, ina zuwa masallaci da ƙafata, jiya ma na hau bene na sauko ban huta ba. Amma kyautata zato ne, ƙyalle ɗaya ne, ba zan ƙara masa ko ƙwayar gero ba. Yana iya zama abin da kike tsoro. Na faɗa da bakina, ga shi kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Abin da na tabbata da shi kuwa, shi ne zamanki a Kano ba zai canja abin da ke cikin cikina ba. Yau da safe na sa yayanki Auwalu ya kai ni asibiti, an ba ni ranar Alhamis mai zuwa don ɗiban naman. Ba zan tsallake ba, ba ni da wata tafiya da ta fi ta. Auwalu zai kai ni, mahaifiyarki za ta zauna da ni, kuma kin san ta, ko Sarkin Tabbas bai isa ya ƙi shan magani a gabanta ba. Masu jinya ina da su har sun yi yawa. Likita ce ba ni da ita a zuriyata, kuma shekara bakwai ina jiran ta. Ni da na fara da rini a bakin rami, ba zan yarda a ce ciwona ne ya tare ki a bakin ƙofa ba. Idan sakamako ya fito da daɗi, kin ga da kin yi asarar gurbinki a banza. Idan ya fito da akasin haka, to a lokacin ne ma zan fi bukatar 'yar da ta san aikinta, wadda manyan likitoci za su ɗauki wayarta. Ta kowace fuska tafiyar ce daidai.

Auwalu ya riga ya kama miki kujera a motar safiyar Lahadi. Duk takardar da aka ba ni zai ɗauki hotonta ya tura miki a waya, ke kuma ki kira ni ki fassara mini. Sharaɗina ɗaya ne: yadda aka rubuta, haka za ki faɗa. In sun ce mai yiwuwa, ki ce mai yiwuwa. In sun ce lalle, ki ja numfashi ki ce lalle. Na ɗauki abin da ya fi wannan nauyi.

Takardar ranar Talata tana nan a ƙarƙashin sallayata. Bayan la'asar ina ɗakina, na ce kada a bar kowa ya shigo sai ke. Ki zo ki zauna ki karanta mini ita tun daga layin farko, da manyan kalmomin da suka fi ƙarfina, ki gaya mini abin da kike zato da abin da kike tsoro, kowanne da sunansa. Ni ne majinyacinki na farko, Dakta. In kin iya da ni, babu wanda zai gagare ki a Ilori. Daga nan sai ki je ki haɗa kayanki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na wasu. Allah Ya sa gaskiya ta yi miki sauƙi a harshe, Ya sa marasa lafiya su sami waraka ta hannunki. Ya jiƙan mai sunanki, Ya yafe mini abin da na yi mata. Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ki tarar da mu cikin alheri. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Garba Marini